Kwali a Tagar Mai Turare

"Yaya, don Allah ka bar min ko ɓari ɗaya a buɗe."

"Sanyin da ke shigowa ta nan ne ya hana murar nan tafiya. Matsa ka ba ni wuri."

Ina kan keken ɗinkina na ji ƙarar guduma, na leƙo. Tagar ɗakin Mai Turare cikin tsakar gidana take kallo, don haka komai a idona aka yi. Yayansa ya shigo tsakar gidan nawa ya danna kwali a jikin tagar ta waje, ƙusoshi a bakinsa, yana bugawa kamar mai rufe akwatin kaya. Shi kuwa Mai Turare yana tsaye daga cikin ɗakin, baki a sake, leɓɓa duk sun tsage, yana jan numfashi da ƙyar.

"Ba mura ba ce, Yaya. Tun da aka canza min ƙwayar nan hancina ya toshe."

"To, likita! Sannu da bincike."

Haka tagar ta rufe a fuskarsa.

Mai Turare haɗa turare yake yi yana sayarwa a ƙananan kwalabe, kuma duk layinmu babu mai hancinsa. Da can in na ɗora tukunya na shagala da ɗinki, sai in ji muryarsa ta tagar nan: "Maƙwabciya, tukunyarki ta kama!" In tashi da gudu, wallahi in tarar yanzu ta fara. Nakan ce masa, "Kai dai da hancinka za a tashe ka ranar ƙiyama." Ya yi ta dariya.

Yana da ciwon ƙwaƙwalwa, wannan ba a ɓoye yake ba. Shekarun baya ya taɓa tsayawa tsakiyar titi yana wa motoci wa'azi, yayansa ya kai shi asibiti, aka ɗora shi a kan magani, ya dawo garau. Bai taɓa wasa da maganin ba. Amma daga ranar nan maganarsa ta daina zama magana a gidansu. In ya ce ruwa ya yi zafi, sai wani ya tsoma yatsa ya tabbatar.

Da aka canza masa ƙwaya, kansa ya ƙara natsuwa, hancinsa kuma ya toshe ɗam. Ba majina, ba atishawa, ba zazzaɓi, toshewa kawai. Ya daina jin ƙamshin komai. Wata rana ya miƙo min kwalba biyu ta ƙofa, murya a shaƙe.

"Shinshina min. Wanne ne mai sanyin?"

Na shinshina na nuna masa. Ya karɓa yana kallon ƙasa, kunya ta kama shi, ni kuma baƙin ciki ya kama ni.

"Ka faɗa wa likita?"

"In ya tambaye ni, kafin in buɗe baki Yaya ya amsa. Lafiya lau yake, 'yar mura ce. Sai likita ya rubuta, mu fito. Ni fa ban ce zan daina sha ba, Maƙwabciya. Cewa na yi a faɗa masa."

Na tare yayan a bakin ƙofa da yamma. Ban iya lallashi ba, kowa ya sani.

"Malam, wace irin mura ce ba ta da majina? Ka bar bawan Allah ya yi wa likita bayani da bakinsa mana!"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke kika kwana da shi a asibiti lokacin da aka ɗaure shi a gado? In aka taɓa maganin nan ya koma gidan jiya, ke za ki kamo shi a titi? Ki tsaya kan ɗinkinki."

Tsoro ne ke cinsa, na gane. Amma tsoron nasa ya zama kurma. Mura ya ce, mura ce dole. Ya kawo man shafawa, ya kawo hular sanyi da zafin nan, ya rufe taga da kwali, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Ya ɗauko ƙaramar tukunyar gas daga kicin ɗin matarsa ya ajiye masa a ɗaki, wai ya riƙa tafasa ruwa yana sirace safe da rana. Mai Turare ya bi. Kullum yakan lulluɓa da tawul ya kifa fuska a kan tururi, ya ɗago jage-jage da gumi, hanci yana nan yadda yake.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ina shanya yadin da na wanke. Na ji warin gas. Na ruga kicina, nawa a kashe yake. Da na dawo kusa da tagar nan sai warin ya doke ni.

"Mai Turare! Mai Turare!"

Shiru. Na sa hannu na fizgi kwalin, ƙusa ta yage min tafi, ban ma ji ba. Na yi ihu har maza suka fito daga shaguna suka ɓalle ƙofar ɗakinsa, wani yana cewa kada kowa ya ƙyasta ashana.

Ruwan siracen ne ya tafaso ya zubo ya kashe wutar, gas ya ci gaba da fita. Ƙwayar safe takan sa shi gyangyaɗi, sai ya ɗan kishingiɗa a tabarma kafin ruwa ya tafasa. A nan muka same shi, tawul a kafaɗa, baki a buɗe kamar yadda ya saba. Mutumin da ke jin ƙaurin tukunyata ta bayan bango, wari ya cika masa ɗaki bai ji ba. An sa shi a mota, amma kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

A wajen gaisuwa na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita, "Dama ka bar wa mai taɓin hankali gas? Ai mantawa zai yi."

Na miƙe tsaye. "Ƙarya kike! Bai manta komai ba. Duk abin da aka ce ya yi, ya yi. A gidan nan kaf shi kaɗai ya san abin da ke damunsa, ya faɗa ya sake faɗa, kuka mayar da shi rediyo!"

Aka ja ni waje ana ba ni haƙuri. Haƙurin me? Akwai wata nas da nake wa ɗinki, da na ba ta labari sai ta dafe kai. Ta ce wasu magungunan ƙwaƙwalwa suna toshe hanci, sananne ne, da likita ya ji da ya san yadda zai gyara. Magana ɗaya ce fa.

Bayan an watse, yayan ya shigo tsakar gidana da gudumarsa, ya yi sallama a hankali. Ban amsa da kyau ba. Ya tsaya yana zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a aljihu. Da ya gama ya daɗe yana kallon cikin ɗakin, sannan ya naɗe kwalin ya fita.

Jiya na ɗora tukunya na zauna kan keke, ɗinki ya ɗauke min hankali. Sai da hayaƙi ya cika tsakar gida na farga. Ban tashi nan da nan ba. Na ɗaga ƙafata daga keken, na juya wajen tagar. A buɗe take, kwalabensa na jere a kan dakalinta, rana tana ratsa su.