Rigar Jikan Tela

Tela ya ɗaga 'yar rigar zuwa hasken taga, ya juya ta gaba da baya. Duk faɗinta bai wuce tafin hannunsa ba. Shekara talatin da ɗaya yana kan keken ɗinki, bai taɓa ɗinka abu ƙarami haka ba, kuma bai taɓa aiki hannunsa na rawa ba sai a makon nan.

Yau kwanansa bakwai bai sha taba ba, mutumin da yake auna aiki da kara: wando kara biyu, riga kara huɗu. Likitoci sun yi magana sun gaji. Matarsa ta yi ta yi har ta koma ga Allah. Tari ma yana tashinsa kowace safiya, duk ya yi kunnen uwar shegu. Sai ga Auta, 'yarsa, ta haifi bakwaini, aka sa yaron a kwalba saboda huhunsa bai yi ƙwari ba. Ranar da aka fito da shi, Tela ya miƙa hannu, ita kuwa ta ja da baya.

"Baba, likita ya ce ko warin taba kada ya shaƙa. Ka yi mini kwana bakwai cur ba ka sha ba. Ranar da za a sallame mu, kai za ka fara ɗaukarsa."

Yau ce ranar. Daga ƙofar asibiti mota za ta wuce da su garin da mijinta yake aiki, tafiyar yini biyu. In bai ɗauki jikansa yau ba, sai dai ya ji labarin girmansa a waya.

Ya sha wuya a makon, ba ƙarama ba. Ya tauna tsinke har dasashinsa ya yi jini, ya yi faɗa da masu kawo ɗinki biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya yanka hannun riga a karkace. Amma ya riƙe.

Da ya juya rigar ciki waje, sai ya ga bakin zare shida tsaye cirko-cirko. Zaren roba ne, almakashi ba ya cinye shi duka, sai ya bar ɗan tsini mai sukar fata. Tun yana koyon sana'a hanya ɗaya ya sani: a ɗosana masa bakin taba, ya narke ya kwanta luf. Ya gwada ashana a kan ƙyalle, harshen wutar ya baƙanta farin yadin. Ya tuna fatar yaron, siririya kamar ɓawon albasa.

Ya jawo aljihun keke. Kara ɗaya na kwance cikin maɓallai, kamar dama shi yake jira.

"Ba sha zan yi ba," ya ce wa keken. "Aiki zan yi."

Sai dai taba ba ta kamawa in ba a zuƙa ba. Ya zuƙa sau ɗaya, ya riƙe hayaƙin a baki, ya fesar ta taga. A zare na uku wutar ta fara mutuwa, ya ƙara zuƙa. Kafin ya kai na shida, ko rantsuwa aka ba shi ba zai iya faɗin inda hayaƙin ya bi ba. Abin da ya sani kawai, hannunsa ya daina rawa, cikin rigar ya yi sumul. Ya murje wutar, ya wanke baki da hannu da sabulu har sau uku, ya sake riga, ya tare bas.

Ya tarar da Auta zaune a bakin gado, kaya a ɗaure, yaron lulluɓe a ƙirjinta. Ta rame, amma da ta gan shi fuskarta ta washe.

"Ina abokin nawa?" in ji Tela. "A gaya masa telansa ya iso, kada ya ce na yi masa alƙawarin teloli."

Ta yi dariya, ta karɓi rigar da hannu ɗaya. Auta a shagonsa ta yi rarrafe, ta san ɗinkin ubanta ko da ido a rufe. Ta zura yatsa cikin wuyan rigar, ta bi ɗinkin, sai yatsan ya tsaya. Ta kai rigar hanci.

"Baba, da me ka kashe zaren?"

"Almakashin ne ba ya..."

Ba bakinsa take kallo ba. Ya bi idonta da hannu, ya taɓa bayan kunnensa na dama. Guntun tabar yana nan maƙale, inda hannu ya saba mayar da shi shekara talatin ba tare da ya yi shawara da kai ba.

"Don kada ya soke shi ne, Auta."

"Na sani, Baba."

Da ta yi masa faɗa, da ya fi samun sauƙi. Ta ninke rigar ta sa a leda, ta ƙulle bakin tam, ta tura can ƙasan jaka. "Zan ajiye masa," ta ce. Su biyun sun san kafin warin ya fita, yaron ya fi ƙarfin rigar.

Ta ɗan janye mayafin don ya leƙa daga inda yake tsaye, taku uku tsakaninsu. Yaron na barci, ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri. Rigar kanti ce a jikinsa, ga zare yana lilo a gefen wuya. Tela ya mayar da hannuwansa baya.

Ya raka su har mota. Da ta ɓace a kwana, ya zaro guntun daga kunne da niyyar jefa shi a kwata. Ya tsaya yana juya shi tsakanin yatsu. Kwana bakwai ya iya, amma wanda ya yi dominsa yana cikin motar can.

Mai gadin asibitin yana zaune a benci yana kallonsa.

"Malam," in ji Tela, "ko kana da ashana?"