Fom ɗin da Narelle ta yi wa wanka

Tare muka gama difloma ta zanen talla da tsara shafi ni da Narelle Papadakis, a wata kwalejin koyon sana'a da ke gefen Melbourne. Shekarunta arba'in da uku, kuma ta rantse ba za ta sake zaman koyon ja layi da 'yan shekara sha takwas ba. So take jami'a ta amince da karatunmu, ta sa ta aji biyu kai tsaye. Fom ɗaya kawai za a cike.

Fom ɗin kuwa abin tausayi ne. Haruffa iri biyar a shafi guda, gurbin suna ko rabin Papadakis ba zai ɗauka ba. Ni na runtse ido na cike nawa, aka ɗauke ni aji biyu. Narelle ba ta iya ganin karkataccen layi ta wuce. Asabar da Lahadi ta zauna ta sake tsara shi tsaf, sannan ta cike ta kai.

Mista Whitlock na ofishin ɗaukar ɗalibai ya juya takardar gaba da baya.

"Baiwar Allah, wannan ai ba fom ɗinmu ba ne."

"Naku ne mana, wanka kawai na yi masa."

"Haba! Namu ba ya karantuwa haka da sauƙi. Je ki kawo na gaskiya."

Ya jefa nata cikin aljihun tebur. Bayan mako uku sai ga shi a shafin jami'a na intanet, wai sabon fom. Narelle ta koma a fusace.

"To, yanzu fa? Ga shaidar na iya aikin, a hannunka!"

"Ki yi haƙuri, wannan kayan jami'a ne. Ba a kawo mana kayanmu a ce shaida."

Lokacin karɓar fom kuma ya riga ya wuce, haka aka tura ta aji ɗaya. Ranar ta yi kuka a jirgin ƙasa, ni ma raina ya ɓaci, har kunyar ajina biyu na ji.

A darasin farko na su Narelle, malamarsu Dakta Fenwick ta haska sabon fom ɗin a bango ta ce, "Kun ga aikin ƙwararru. Kowa ya rubuto mini dalilin da ya sa mai zanen ya tsara shi haka."

Narelle ta rubuta shafi huɗu, ta faɗi gaskiyar abin da ya faru a ranta layi bayan layi. Takardar ta dawo da maki hamsin da biyu cikin ɗari, da jan biro a ƙasa: "Kin yi ƙoƙari, amma ba ki fahimci mai zanen ba tukuna."