Irin Geron Tanko

A shekarun da arzikin man fetur ya mayar da kowane ɗan kwangila manomi, Alhaji Gwadabe ya sayo injin ban ruwa daga Turai, ya girke shi a gonarsa ta hanyar Batagarawa. Ƙatuwar ganga ce ta ƙarfe, an naɗe ta da mesa mai kaurin cinya. Tarakta kan ja mesar har ƙarshen gona, injin ya riƙa naɗo ta a hankali, bakinta na watsa ruwa sama.

Tanko lebura ne a gonar, kuma 'yar gonarsa ta aro tana jikin shingen Alhaji. Kullum iska sai ta kwaso feshin ta zuba masa. Ana tsakiyar bazara, ƙasarsa ta jiƙe sharkaf.

Sai ya sauko da damin irin geron da ya taho da shi daga ƙauye bayan fari, shi kaɗai ya rage musu.

Matarsa Delu ta ce, "Malam, ko hadari ba a gani ba. In ya ƙone, mi za mu shuka?"

Ya ce, "Wannan ruwan ba ya jiran hadari. Kafin mutane su fara noma mun ci tumu."

Ya sussuke, ya shuke duka, ko ƙwaya bai bari ba. Gero ya fito kore shar, masu wucewa har tsayawa suke suna kallo.

Wata safiya injin ya yi ƙara, ya tsaya cik. Makaniki ya duba, ya ce wani ƙarfe ne ya cinye, sai an aiko daga inda aka ƙera shi. Tanko ya taka har gidan Alhaji, ya durƙusa, ya roƙa a gyara injin. Alhaji na shiga mota ya ce, "Ai ni yanzu shinkafa nake shigowa da ita daga waje, Malam Tanko. Noma wahala ne."

Shi da Delu suka koma jidon ruwa da garwa daga madatsar da ke kusa, amma ina garwa ina gona? Ranar Katsina ba ta san wasa ba. Tsiron ya yi yaushi, ya kwanta, ya ƙone ƙurmus.

Ya zaga neman iri, kowa nasa daidai gonarsa.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi. Tanko ma ya fita, don ƙafa ta saba. Ya yi ta sara, layi bayan layi. Sai da ya kai ƙarshen gona ya waiwayo. Ramuka na nan buɗe, Delu na tsaye can bakin shinge, hannu rabbana.