Kawu Na'ibi a Kufan Inka

Shekara da shekaru ina zaune a ofishin tafiye-tafiye na Ustaz Abdulghani a unguwar Bagdadiyya ta Jidda, ina buga hatimi a tikitin mutanen da za su je inda ban taɓa zuwa ba. A bangon da ke fuskantar teburina akwai hoto guda: wani birnin duwatsu a ƙololuwar tsauni, ciyawa shar, gajimare na yawo a ƙarƙashinsa. An rubuta Macu Picu, birnin mutanen Inka, ƙasar Peru. In zafin Jidda ya taso, riga ta manne a baya, fanka tana ta juya iska mai gumi, sai in ɗaga kai in shige cikin hoton nan. Ba na roƙon duniya komai sai abu ɗaya, in zauna a kan ciyawar nan in kalli birnin da idona.

Shekarar da yaƙi ya rufe Bairut, attajiran Jidda suka rasa wurin hutu. Ranar nan Shaihu Hamad, mai shagunan yadi a kasuwar Balad, ya shigo da abokansa biyu. Alƙahira ta ishe su, Landan sun haddace ta. Ya waiga ya nuna bango da carbinsa ya ce, "Nan fa?"

Na yi masa bayani tsakani da Allah. Na ce hanyar da ta fi daɗi ba ta mota ba ce, tafiya ce a ƙasa ta kwanaki a kan tsaunuka, da ɗan jagora, a kwana a tanti, a bi kufai bayan kufai har a isa babban birnin. Ya shafa tumbinsa ya ce dama likita ya dame shi kan ya rage ƙiba. Ustaz ya ce ni zan raka su tunda ina jin Turanci. Sharaɗin Shaihu ɗaya ne: ba zai ci yankan da bai san wanda ya yi ba, sai an tafi da kuku Musulmi.

Da na san abin da zai biyo baya da na ɗinke bakina da zaren buhu. A gida, a unguwarmu Karantina, ina cin tuwo na ba da labari, sai mahaifiyata Dela ta ce, "Ga Kawunka zaune."

Kawu Na'ibi yayanta ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana dafa wa alhazai abinci a Mina, kuma tun yana yaro ya tako da ƙafarsa daga ƙasar Haɗeja har bakin Bahar Maliya. Dogo ne, busasshe kamar karan dawa, kuma bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi, in dai shi ka tambaya.

"Wato biya za su yi a sa su tafiya a ƙasa?" in ji shi. "Mu da muka yi ta kyauta aka ce mana Takari. Tayyib, zan je."

Ni na yi ta zarya a ofishin jawazat, masu fasfo, kan iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ni na ɗauki tukwanensa daga jirgi zuwa jirgi. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

A birnin Kusko na Peru muka haɗu da ɗan jagorarmu, Selso, gajere mai faɗin ƙirji, da 'yan dakonsa. Iskar wurin ba ta cika huhu, kana numfashi kamar kana shan koko da rariya. Farkon tafiya dai lafiya lau. Kawu ya sayi tunkiya a wani ƙauye ya yanka da hannunsa, ya yi mana salig, shinkafa da madara irin ta gida, har Shaihu ya lashe yatsu. A hawan dutse kuwa tsohon nan ya wuce kowa, yana juyowa yana ce mini, "Yalla, ya walad, yi sauri yaro, ƙafa ce ko taliya?"

Da yamma muka iso kufai na farko. Ɗakuna ne na dutse ba rufi, jere a gefen tsauni, ruwa mai sanyi na gudu a wata 'yar magudana da mutanen zamanin da can suka sassaƙa. Selso ya sa aka kafa tantuna a gindin bango. Raina fari ƙal, ina shafa duwatsu. Kawu ya ɗebi ruwan ya kwaɓa fulawar gurasa, sai da ya gama tukuna ya ɗaga kai ya duba.

"Gidajen su wa ne nan?"

"Mutanen Inka, Kawu."

"Ina suke?"

"Sun shuɗe. An yi ɗaruruwan shekaru."

Ya cire hannunsa daga ƙullun a hankali. Ya ce ya taɓa yi wa masu aikin hanya girki a arewa, wajen Mada'in Salihu, kufan Samudawa, kuma duk Hijaz an san ƙa'idar irin wannan wuri. Ba a shan ruwansa, ba a kwana a cikinsa, ba a tsayawa kallo. Ka rufe fuska, ka sa tsoron Allah a ranka, ka wuce da sauri. Ƙullun da aka kwaɓa da ruwan kuwa raƙuma ake ba.

"Kawu, waɗancan Alƙur'ani ya ba da labarin halakarsu. Waɗannan fa wa ya ce maka azaba ce ta sauko musu? Turawan Sifen ne suka ci su da yaƙi."

"To yaƙin wa ya aiko shi?"

"Ga jikokinsu nan da ransu, su ke ɗauke da tukunyarka!"

Ya dubi 'yan dakon suna zaune suna tauna ganye. Ya ce, "To me ya hana su zama a gidan kakansu? Ga gini, ga ruwa, rufi kawai za a ɗora. Sun san abin da suka sani."

Na waiga wajen Shaihu Hamad don ya raba mu, tunda shi ya biya a kawo shi ganin kufai. Kawu ya maimaita masa da Larabci. Shaihu ya ja carbi, ya ce maganar Amm Na'ibi, wato Kawu, akwai ƙamshin gaskiya, kuma taka-tsantsan ba ya ɓaci. Abokansa, waɗanda in Shaihu ya yi atishawa su ke kamuwa da mura, suka gyaɗa kai.

Babu raƙumi a Peru. Kawu ya nemi abin da ya fi kama da shi, wata dabba mai dogon wuya da gashin tunkiya da ake kira lama, ya miƙa mata ƙullun. Ta sansana, ta dube shi, ta tofa masa yawu a riga. Ya ce, "Ka gani? Ko dabba ta ƙi." Aka kwance tantuna aka koma can gaba, kan wani gangare da in ka kwanta sai ka farka a ƙafar maƙwabcinka.

Haka muka yi ta yi. Duk inda Selso ya saba yada zango, kusa da kufai ne, don nan ƙasa take a shimfiɗe kuma nan ruwa yake. Duk sai Kawu ya tashe mu. Ruwan shayi sai an gangara rafi an ɗebo, mu zauna muna jira rana tana tafiya. In mun iso wani tsohon gini, Selso ya gyara tsayuwa ya fara, "Wannan hasumiya ta masu gadi ce," sai Kawu ya yafa mayafinsa a ka ya ce, "Yalla, yalla!" Attajirai uku su ja gutura, mayafin kansu, su rufe fuska su bi shi a jere kamar 'yan agwagi. Ni ina biye ina fassara wa ƙeyarsu tarihi.

A kan wani tsauni mai tsawo, inda kowa ya zube yana haki, Selso ya matso kusa da ni ya ce, "Abokina, na yi jagorar mutane iri-iri. Amma waɗanda suka ƙetare teku biyu don kada su ga abu, sai ku. Me ya kawo ku?"

Haushi ya cika ni har ba na jin ɗanɗanon abinci. Abin da ya riƙe ni shi ne ranar ƙarshe. Mun shirya da Selso mu isa babban birnin da sassafe, ya fitar da su ƙofa su sha iska, ni kuwa in koma in zauna a ciyawata har lokacin motar da ke kai mutane tashar jirgin ƙasa. Jirgin sau ɗaya yake tashi, da yamma.

To zangon ƙarshe ma a bakin kufai yake, saboda haka Kawu ya mayar da mu baya mai nisa. Da safe kuma ya gano wani ɗan dako ya cika buta a magudanar dutse, ya sa aka zubar, aka wanke butar, aka sake ɗebowa. Na roƙe shi, na ce yau ɗaya a haƙura da shayi. Shaihu ya ce shi ba ya iya taka ƙasa ba shayi. Ba mu iso ƙofar dutsen da ake hango birnin daga sama ba sai bayan azahar. Na ruga gaba na leƙa. Hazo ne fari fat, ko tafin hannunka da ƙyar.

"Zai washe," in ji Selso. "Mu sauka."

'Yan dako sun riga sun bi wata hanya da kaya zuwa tasha. Selso ya ce ko a guje ne sai ya ratsa da mu ta tsakiya, ba zai kawo baƙi birnin kakanninsa ya fitar da su ta bayan gida ba. Da bangon farko ya ɓullo cikin hazo, Kawu ya ce wannan ita ce uwar kufai, ya naɗe kansa ruf, ko ido bai bari ba, ya ƙara sauri. Matakalar dutse ce, ga laima. Na buɗe baki in ce ya yi a hankali ke nan, sai na ga dogayen ƙafafu a sama.

Kafin mu kai gare shi idon sawun ya fara kumbura. Ya gwada tsayawa ya koma ya zauna. Selso ya duba agogo, ya durƙusa ya ba shi baya.

"La, la, ba zai yiwu ba," in ji Kawu. "Ɗan ƙanwata na tsaye baƙo ya goya ni? Me za a ce a Karantina?"

Na goya shi. Busasshen mutum, amma nauyi kamar buhun gishiri. Ya sarƙe hannayensa a wuyana, haɓarsa a kan ƙeyata, ya danne mini kai ƙasa. Kowane taku sai na zaɓi inda zan sa ƙafa, in na kuskure mu biyu za a kwasa. Muna cikin haka na ji ɗumi a bayan hannuna, duwatsun da ke ƙarƙashina suka yi haske. Rana ta fito.

"Rafi'u, mayafina ya faɗi."

"Bar shi, Kawu."

Can sai na ji ya ce a hankali, "Subhanallah." Muka ƙara gaba. "Kai, dubi yadda suka haɗa dutse da dutse, ko allura ba ta shiga. Ka ga wancan tsaunin kamar an dasa shi? Har gonaki suka yi hawa-hawa, ya walad!"

"Kawu, bari in sauke ka kaɗan. Kaɗan kawai, in ɗaga kai."

"Kul! Ba a tsayawa a nan. Yalla."

"Kai ai kallo kake yi!"

"Ni lalura ce, hannuwana biyu suna wuyanka. Kai kuwa da ƙafarka. Wuce."

Na so in sake shi ya gangara, Allah ya sani na so. Daga ƙasa ana ta danna hon, Selso yana kiran sunana yana cewa motar ƙarshe ce. Na taka ciyawar nan, na gan ta da kyau, gajera ce kuma akwai kashin lama a ciki. Na ga matakala, na ga magudana, na ga takalmana da suka yage. Da na dire shi a kujerar mota na juyo, bango da bishiyoyi sun tare komai, direba ya ja. Na kifa kaina a gwiwa, hawayen takaici suka zubo, Shaihu Hamad yana bubbuga kafaɗata yana cewa kada in damu, ƙafar za ta warke.

Ta warke kuwa, amma sai da ya ci moriyarta. Wata guda yana zaune a gahawar Usuman, shagon shayin da ke bakin layinmu, ƙafa a kan kujera, mutanen Karantina har da na unguwar Sa'alaba suna kewaye da shi. Ya ba su labarin ɗaki mai taga uku, da dutsen da aka sassaƙa don auna rana, da kogin da ke can ƙasa kamar zare. Abubuwan da ba su ma fito a hoton ofis ba. Ni ina gefe da kofin shayi, ina ji kamar kowa.

Wata ranar Juma'a mahaifiyata ta aiko ni in taho da shi cin abinci, na tarar ana tsakiyar labari. Usuman mai gahawa ya ce, "Rafi'u, kai ba ka cewa komai. Yaya ka ga birnin?"

Kawu ya ɗaga hannu kafin in yi magana.

"Ku bar yaron nan," ya ce. "Ni shaiɗan ya rinjaye ni na kalla, Allah ya yafe mini. Amma Rafi'u, wallahi tun da muka shiga har muka fita bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Dela ta iya tarbiyya."

Gahawa ta ɗauka da masha Allah. Wani tsoho ya kamo hannuna ya ce Allah ya ba shi ɗa irina. Na ce amin, na durƙusa na miƙa wa Kawu sandarsa.