Kabarin Honor Mulkeen

A shekarar da na kammala difloma a fannin binciken asalin iyali, kakata Attracta ta ɗora mini aikina na farko. A lokacin ciwo ya riga ya kwantar da ita, likita kuma ya gaya mana cewa da wuya ta ga bazara mai zuwa. Ta sa aka kira ni bakin gadonta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Fiachra, an ce kai ne malamin matattu yanzu."

"Tarihin iyali na karanta, Kaka."

"Duk ɗaya ne. To, ka nemo mini uwata. A jikinta nake so a sa ni, ba a sabuwar maƙabartar nan ta bakin titi ba, inda motocin madara za su hana ni barci."

Mahaifiyarta, Honor Mulkeen, ta rasu ne Kaka tana ƙaramar yarinya, aka binne ta a tsohuwar maƙabartar ƙauyenmu na Kilcorvan, a kan tudu, gefen rusasshiyar coci. Hukuma ta daɗe da rufe wurin. Ba a yarda a haƙa sabon rami ba sai ga wanda ya nuna ainihin kabarin danginsa na kusa, da rahoto a rubuce daga wanda ya san aikin. Na amsa mata cewa zan yi, duk da ni mutum ne mai tsoron kuskure tun ina makaranta.

Na bi matakan da aka koya mana ɗaya bayan ɗaya. Rajistar mutuwa ta gwamnati ta ba ni ranar rasuwarta da ciwon huhun da ya kashe ta, amma ba a rubuta wurin binnewa a irin wannan takarda. Fada, limamin cocinmu, ya buɗe mini littattafan coci, na tarar da baftismarta da aurenta, sai dai cocinmu ba ta taɓa rubuta jana'iza ba a wancan zamani. Ƙidayar jama'a ta nuna mini ita tana jaririya a gidan ubanta. Na tafi ɗakin karatu na gunduma na duba tsofaffin jaridu, na gane cewa ba a buga mutuwar matar talaka mai yankan ƙasar da ake ƙonawa maimakon itace a jarida. Abin da ya girme wannan kuwa, yawancinsa ya ƙone a gobarar ma'ajiyar takardun gwamnati da ke birnin Dublin tun kafin a haifi Kaka. Takardu sun yarda cewa Honor ta rayu, sun yarda ta mutu, amma babu wadda ta san inda take kwance.

Da na kai wa Kaka wannan bayani, sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Wannan ne aka biya maka kuɗin makaranta a kansa? Yaro, ai dutse ne. Ubana ba shi da kuɗin mai sassaƙa, sai ya ɗauko dutse daga gonarmu, mai farin zane a tsakiya kamar an ɗaura masa zare. Ka tsaya a ƙofar coci, ka fuskanci itaciyar ƙayar nan, dutsen yana gab da saiwarta."

Haka talakawan Kilcorvan suke yi. Kowane gida yana da dutsensa marar rubutu, uwa ta nuna wa 'ya, 'ya ta nuna wa jika a ranar addu'ar matattu. Ni ban taɓa zuwa ba, domin mahaifiyata ta tafi da ni birni ina ƙarami, Kaka kuma ƙafa ta hana ta hawa tudun shekaru da dama.

Washegari na hau tudun. Na tarar da fili shimfiɗe, kore shar, kamar filin ƙwallo. Manyan kaburbura masu rubutu suna tsaye, an wanke su fes. Ƙananan duwatsu kuwa babu ko ɗaya, itaciyar ƙaya ma babu ita. A kusa da ƙofa an gina wata gajeriyar katanga mai kyau da siminti, an manna mata allon ƙarfe da aka rubuta: "Domin tunawa da matattun da ba a san su ba." Na bi katangar ina dubawa, har na ga dutse mai farin zane a layin ƙasa, siminti ya riƙe shi ta ko'ina.

Shugaban kwamitin gyaran maƙabartar ba kowa ba ne illa Kawu Malachy, ɗan Kaka na cikinta, ƙanen mahaifiyata. Na same shi a ɗakin girki yana shafa wa burodi man shanu.

"Kawu, wa ya kwashe duwatsun?"

"Mu ne mana. Ka san wuƙaƙe nawa injin yankan ciyawa ya karya a kansu? Ga baƙi daga Amurka suna zuwa neman kakanninsu, tsofaffi da sanduna, ɗaya ya yi tuntuɓe ya faɗi, wa za a kama?"

"An zana taswirar inda kowanne yake kafin a ɗauke?"

"Taswirar me? Duwatsun gona ne, malam mai difloma. Ko harafi babu a jikinsu."

"Ɗaya daga cikinsu na kakarka ne."

Ya ajiye wuƙar. Na ga wuyansa ya yi ja, amma Kawu ba mutum ne mai sauka daga kan maganarsa ba.

"To ai ga ka nan. Hukuma rahoto take so, kai kuma kana da hannu da biro. Ka zaɓi wuri mai kyau kusa da coci, ka rubuta cewa nan ne. Wa zai tashi daga ƙasa ya ƙaryata ka?"

Na kwana biyu ina juya wannan magana. Idan na rubuta, na fara aikina da ƙarya; idan na ƙi, na hana tsohuwa abu ɗaya tak da ta roƙa. Daga ƙarshe na ga cewa shaida guda ce ta rage a duniya, ita ce Kaka kanta. Wataƙila idan ta tsaya a wurin, ƙafarta za ta tuna abin da takarda ta manta. Muka naɗe ta da bargo, Kawu ya tura keken marasa lafiya har ƙofar rusasshiyar cocin.

Ta daɗe tana kallon filin. Ta ɗaga yatsa ta nuna dama, ta sauke shi, ta sake nuna gaba kaɗan, ta sauke.

"Ina ƙayar?"

"An sare ta, Mama," in ji Kawu. "Tana yaga wa mutane kaya."

"Ina dutsen gidan Tolan? Namu yana bayan nasu. Ina na yaran Lavelle?"

Kawu ya durƙusa kusa da ita, ya tausasa murya kamar mai lallashin yaro.

"Mama, ki nuna ko'ina ne a wajen nan. Ai duk ƙasa ɗaya ce. Fiachra zai rubuta, shi ke nan."

"Ko'ina?" Ta juyo ta dube shi. "In nuna ko'ina, ku sa shebur ku fasa ƙirjin uwar wani? Ku ɗora ni a kan matar Tolan, wadda ba mu taɓa shan shayi tare ba? Ni uwata nake nema, Malachy, ba makwanci ba. Makwanci ina da shi a gida."

Ta ce in tura ta wajen katangar. Na nuna mata dutsen, ta sunkuya da ƙyar ta shafa farin zanen da yatsunta. Sannan ta ce in karanta mata abin da ke jikin allon, domin idonta ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Na so in yi shiru, amma ta matsa, na karanta.

"Ba a san su ba," ta maimaita. "Har ranar da kuka zo da injinku, kowa a nan yana da mai saninsa. Mayar da ni gida, sanyi nake ji."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta kuma ƙara kiran Kawu da sunansa ba. Ta rasu kafin dankali ya yi fure. Rahoton da na miƙa wa hukuma gajere ne: na rubuta cewa Honor Mulkeen tana cikin tsohuwar maƙabarta, amma ba za a iya tabbatar da wurin ba. Aka binne Kaka a sabuwar maƙabarta, a layin da ya fi kusa da titi. Kawu ya saya mata baƙin dutse mai sheƙi da rubutun ruwan zinariya, har ya sa aka ƙara sunan Honor a ƙasa. Na gaya masa cewa duk wanda ya zo bincike nan gaba zai ɗauka a nan aka binne ta, ya ce in bar shi da iyayina.

Yanzu ina aiki a ƙaramin ofishin tarihi na ƙauyen, wanda kwamitin Kawu ya buɗe. Baƙi suna zuwa daga Boston da Sydney da sunayen kakanninsu a hannu, ina nemo musu baftisma da aure da ƙidaya, ina yin aikin da kulawa. Idan suka tambayi inda kabarin yake, nakan raka su tudu, su tsaya a gaban katangar su ɗauki hoto, su yaba da tsabtar wurin. Wata mata 'yar gidan Tolan ta tambaye ni ko na san wanne ne nasu a cikin duwatsun. Na ce mata guda ɗaya kawai na sani, kuma wadda ta san sauran tana kwance a bakin titi.