Wa Ya Buɗe Wayar Rabi

Rabi mai ɗinki ta fi shekara ashirin tana taka keke a unguwarsu cikin Yelwa, kuma duk wanda ya san ta ya san ba mai surutu ba ce. Mijinta Malam Ɗahiru gyaran injin jirgi yake yi a bakin ruwa. 'Ya'yansu huɗu. Ta ukunsu, Firdausi, ita ce ta samu jami'a can Minna, tana karanta wani abu da ta ce sunansa tsaron intanet. In aka tambayi Rabi mene ne wannan, sai ta ce, "Gadin kwamfuta ne," ta ci gaba da ɗinkinta.

Da daminar 2017 Firdausi ta zo hutun ƙarshen shekararta ta biyu, da kwamfutarta a jakar goyo. Ranar da ta iso, ko hutawa ba ta yi ba ta ɗauki wayar uwar daga kan keken ɗinki.

"Inna, haka kika bar ta babu makulli? Duk wanda ya tsince ta ai ya shiga."

Ta zauna bakin ƙofa tana danne-danne, ta daɗe, sannan ta miƙo wayar ta ce Rabi ta zaɓi lambobi huɗu waɗanda ita kaɗai za ta sani. Har juya baya ta yi. Rabi ta zaɓa, ba ta kawo komai a ranta ba.

Bayan kwana uku maƙwabciyarsu Asabe ta shigo kawo ɗinki. Rabi ta ce ta nuna mata hoton hannun rigar da take so, Asabe ta ce ta baro wayar a gida. Ta leƙa tsakar gida, ta rage murya.

"Ke ba ki ji abin da ake faɗi ba? An ce ɗiyarki in dai ta san lambar mutum, daga ɗakinta take ganin duk abin da ke cikin wayarsa. Hotuna, saƙonni, har maganar da aka goge. Abin da ake koya musu ke nan, kutse."

"Tsare kutsen ake koya musu."

"To ai wanda zai tsare ƙofa shi ya fi kowa sanin yadda ake buɗe ta."

Rabi ta yi dariya ta ce mutanen unguwar ba su da aikin yi. Amma bayan Asabe ta fita, ta kasa zura zare cikin allura.

Akwai abin da ke cikin wayar nan. Wata guda ke nan tana wanka ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, kamar ƙwayar gurjiya, ba ya ciwo, ba ya tafiya. Ba ta gaya wa Malam ba, ba ta gaya wa 'yan'uwanta ba. Mutum ɗaya ta gaya wa: Rachel, ƙawarta tun firamare, wadda ke aikin jinya a Wara. Tun daga nan Rachel ke turo mata saƙon murya kusan kullum, tana cewa ta zo a duba, kada ta yi wasa. Rabi tana saurare tana cewa sai bayan ɗinkin Sallah. Saƙonnin suna nan jere, ba ta ma san yadda ake goge su ba.

Sai ta fara lissafa abubuwa. Minti nawa yarinyar ta yi da wayar a hannunta? Me ya sa ta juya baya da sauri haka, kamar wadda ta riga ta sami abin da take nema? Shekaranjiya da Rabi ta sunkuya za ta ɗauki bokitin ruwa, Firdausi ta karɓe. Jiya ta hana ta daka. Firdausi kuwa tun tana ƙarama sai an yi da gaske take taɓa taɓarya.

Daga ranar Rabi ta sa mata ido. Takan wuce ta ƙofar ɗakin yarinyar kamar za ta shanya tufa, ta leƙa. Fuskar kwamfutar baƙa ce, wasu ƙananan rubutu suna gudu a kai, ba hoto, ba kiɗa. Da Firdausi ta ji motsi sai ta ɗago ta yi murmushi. Rabi ta rasa yadda za ta fassara murmushin.

Wata safiya suna shan koko, Firdausi ta ce, "Inna, yaushe rabonki da zuwa asibiti a duba ki?"

"Ciwon mi gare ni?"

"Ba sai da ciwo ba."

Rabi ta ajiye ludayi. Ta dubi ɗiyarta, ɗiyar ta sunkuyar da kai cikin kwano.

Rabi ta yanke shawarar ɗana tarko. Ranar Litinin da rana ta aiki Firdausi bakin ruwa ta kai wa babanta abinci, ta tsaya har ta ga ta sha kwana. Ta rufe ƙofar gida, ta shiga ƙuryar ɗaki, ta naɗi saƙo da murya ƙasa-ƙasa: "Rachel, na yarda. Ranar Alhamis ina tafe Wara." Ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Ta tura, ta sa wayar ƙarƙashin katifa, kuma yinin ranar ba ta fitar da wayar daga ɗakin ba.

Washegari da hantsi tana yanke atamfa, Firdausi ta zo ta tsaya kanta.

"Inna, in ranar Alhamis za ki fita, zan raka ki."

Almakashin ya zarce inda ba a nufa ba. Rabi ta dubi ɓarnar da ta yi wa atamfar mutane, sannan ta ajiye shi a hankali.

"Rufe ƙofa ki zamna."

Firdausi ta rufe ta zauna a tabarma.

"Ni na haife ki. Babanki yana kwance cikin baƙin mai tun safe har yamma don ki yi karatu. Ashe abin da muka tura ki koyo ke nan, ki leƙa asirin uwarki? Mutanen unguwa sun faɗa na ƙaryata su. Tun yaushe kike sauraren maganata?"

"Wallahi Inna ban taɓa buɗe wayarki ba."

"Kada ki rantse."

"Ko na so ban iya ba. Shekara biyun nan lissafi muke sha da rubuta umarnin kwamfuta. Kuma tun makon farko aka sa muka sa hannu a takarda, duk wanda ya shiga na'urar wani ba da izini ba, kora ce, har kotu. Wayarki makulli kawai na sa mata."

"To wa ya gaya miki Alhamis? Aljanu?"

Firdausi ta murza bakin mayafinta. Sannan ta ciro tata wayar, ta buɗe wurin kira, ta miƙa. Sunan yana nan sau shida, na farko tun tana makaranta, na ƙarshe jiya da la'asar. Anti Rachel.

"Tun kafin mu gama jarrabawa ta kira ni. Ta ce kin ƙi zuwa, ta ce in na dawo in lallaɓa ki, amma kada in nuna na sani. Jiya ta kira tana murna, wai kin yarda."

Rabi ta riƙe wayar ta daɗe tana kallon sunan. Da farko kunya ta ji, sai kuma wani zafi ya taso ya danne kunyar. Rachel da ta dafa Littafinta Mai Tsarki ta ce maganar ba za ta wuce su biyu ba.

"Wa kuma ta gaya wa?"

"Ban sani ba."

"Babanki fa?"

"Ni dai ban gaya masa ba."

Rabi ta lura da yadda amsar ta fito. Ba ta ƙara tambaya ba. Firdausi ta fara kuka ba sauti, ta ce tun da aka gaya mata ba ta iya karatu, takarda ɗaya ma ba ta san abin da ta rubuta ba. Wannan ne ya karya Rabi, ba roƙon Rachel na wata guda ba.

Ranar Alhamis suka shiga jirgin safe zuwa Wara. Ruwa ya cika, ana ta kauce wa ciyawar da ke yawo a kai. Rabi ta tafi ne da faɗa a bakinta, ta shirya shi tun daga gida. Rachel ta tare su a ƙofar asibitin, ta saurari faɗan har ƙarshe hannunta a aljihun farar rigarta.

"Kin gama? Na karya alkawari, ban musa ba. Ki yi fushi da ni shekara goma in kina so, in dai kina da rai. Shigo ki cire riga."

Ta duba, ta danna, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta rubuta takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato ta ce kada a wuce mako guda. A can, bayan gwaji da jira na kwana goma sha biyu, likita ya ce abin bai yi nisa ba, aka yi aiki aka cire. Rabi ta warke, sai dai hannun hagu da ya daɗe bai ɗaguwa sosai. Rachel kuwa sai da aka yi wata huɗu kafin Rabi ta amsa kiranta.

Amma kafin duk wannan, ranar da suka dawo daga Wara, dole ta gaya wa Malam Ɗahiru, don ba a zuwa Sakkwato a ɓoye. Ta bari ya dawo daga aiki da la'asar, ya wanke hannunsa da kananzir da sabulu, ya zauna. Ta faɗa masa komai tana kallon fuskarsa. Ya yi salati, ya ce Allah ya sauwaƙe. Sai ya ce akwai Haruna direba da ke lodin Sakkwato ranar Asabar, mutumin kirki ne, zai ajiye musu kujerar gaba, kuma ƙanwar Haruna tana aure kusa da asibitin, za su iya sauka wurinta.

Rabi ta dubi Firdausi, wadda ke tsintar shinkafa a bakin murhu ba ta ɗago ba. Ta sake duban mijinta.

"Malam, yaushe ka yi magana da Haruna?"

Ya miƙe yana laluben hularsa, ya ce ya baro wani inji a buɗe bakin ruwa, ga hadari na haɗuwa.