Kunyar Ɗiyar Fari

Sirajo manomi ne a Dogon Daji, kuma shi ya kashe aurensa da hannunsa. Matarsa Rauda ta tafi gidansu a Fakku jinyar uwarta, ta daɗe, tsohuwar ta cika. Shi kuwa zuciya ta ɗebe shi, ya aika mata takardar saki ta hannun direban mota, ko sadakar bakwai ba a yi ba. Uban Rauda, Malam Dawuda, ya karanta takardar a gaban masu ta'aziyya, ya ninke ta, ya sa aljihu. Kowa ya ƙona rumbunsa ai ya san inda toka ke kuɗi.

Akwai ɗiya tsakaninsu, Rumasa'u, ɗiyar fari, lokacin shekararta biyu. Sirajo ya shekara biyu yana aike ana maido masa, sannan ya kai ƙara kotun Musulunci a Tambuwal. Alƙali ya bar riƙo a hannun uwa, ya ce Asabar ɗin farko ta kowane wata uba ya je ya ga ɗiyarsa, daga hantsi zuwa la'asar. Aka rubuta, aka buga hatimi, aka ba kowa tasa.

Asabar ta farko ya hau babur da sassafe, ledar biskit da jan takalmin roba na rataye a gaba. Ya tarar da Malam Dawuda a zaure da dattawa uku. Aka gaisa. Tsohon ya shiga ciki da kansa, ya fito riƙe da hannun yarinyar, ya tsayar da ita a bakin tabarma.

To, a gidansu Sirajo ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, balle gaban surukai. Ubansu har ya koma ga Allah bai taɓa ce wa ɗan farinsa, wan Sirajo, "Almu" ba, sai dai "wancan", ga shi Almun ya yi furfura. Da wannan tarbiyya Sirajo ya tashi. Sai ya sunkuyar da kai, ya shiga tambayar dattawa ko ruwa ya sauka a yankinsu. Ya tura ledar a kan tabarma ba tare da ya ɗaga ido ba. Ƙafafunta kawai ya gani, ya kuma gane takalmin ya yi mata kaɗan. Yarinyar ta tsaya, ta gaji, ta koma ciki.

Malam Dawuda ya dubi dattawan ya ce, "Kun dai gani."

Wata na zagayowa Sirajo ya koma. Ya gaida tsohon, ya tambayi gona, ya tambayi dabbobi, sai can da rana ta take ya ce, "Baba, yarinyar fa?"

"Wace yarinya? Gidan ga yara sun fi goma."

"Ta wajena."

"Au. Ta bi gwaggonta Kebbe."

Wata na uku an ce zazzaɓi take, ba ta fita iska. Na huɗu an ce suna gona. Na biyar damina ta cinye hanya, ya tura babur cikin laka har gwiwa, ya iso ya tarar da ƙyauren zaure a rufe. Ya zauna gindin darbejiya har la'asar, yana jin muryoyin yara a bayan katanga, bai san wace ce tata ba. Zaure kuwa iyakar namiji ne, takardar alƙali ba ta ɗaga labulen gidan wani.

A gida kowa da tasa shawara. Almu ya ce, "Kai dai ragon banza na. Ka tsaya bakin makarantar allo, in ta fito ka aza ta bisa babur. Ɗiyarka ta, wa ka hana ka?"

Uwarsu, Inna Na'iya, ta ce, "Rufe min baki. Shi sace ta, a ce ɓarawon yara, shi rasa har Asabar ɗin? Kai Sirajo, yi haƙuri. Ɗa shi ka neman ubanai in ya girma."

Sirajo ya ce, "Inna, in ta girma ba ta san fuskata ba, wa za ta nema?"

Bai bi ta Almu ba, bai bi ta Inna ba. Ya je wurin limamin Fakku, Malam Uthman, ya roƙe shi ya sa baki. Liman ya je sau biyu. Amsar da ya kawo guda ce: Malam Dawuda ya ce shi bai hana kowa ba, wanda ya iya aiko takarda gidan makoki ai ya iya aiko wata. Liman ya ce, "Ka koma wurin alƙali. Ni zan tsaya maka shaida kan abin da nig gani, ban ƙara, ban ragi."

Aka aika sammaci, aka ce a zo da yarinyar.

Ran shari'a Malam Dawuda ya shigo da farar riga, Rumasa'u na riƙe da gefenta. Alƙali ya karanta tsohon umarni, ya saurari liman, sannan ya ce wa tsohon ƙin bin umarnin kotu laifi ne, yana iya sa a tsare shi yau ɗin nan.

Malam Dawuda ya ce, "Allah shi gafarta Malam, a tambaye shi. Ran farko da hannuna nif fito mai da ita. Ya dube ta? Ya taɓa ta? Asabar bakwai yana zuwa ƙofata, ya taɓa faɗin sunanta sau guda? Gaisuwa yaka zuwa, ni kuwa nika amsawa."

Tsohon ya san sarai abin da ya hana Sirajo, don shi ma bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba. Amma mai neman kuka, an jefe shi da kashin awaki.

Alƙali ya juya. "Sirajo, haka ne?"

"Haka na. Ɗiyar fari ta, ina jin nauyi."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kira ɗiyarka."

Sirajo ya buɗe baki, ya rufe. Almu na zaune a benci na baya, ga liman, ga surukinsa. Shekara biyar sunan na bakinsa, bai taɓa fita ba ko a ɗaki shi kaɗai. Da ƙyar ya ce, "Rumasa'u."

Yarinyar ta waigo, ta dube shi, ta cusa kai cikin rigar kakanta.

Alƙali ya sassauta murya. "Ke 'yar gidan Malam, kin san wancan?"

Ta leƙo da ido ɗaya. "Mai babur na. Mai zuwa gaida Kaka."

Ashe duk Asabar ɗin da Sirajo ya kwashe gindin darbejiya tana ganinsa ta kafar ƙyaure.

Alƙali ya yi wa ɗan sandan kotu alama. Ɗan sandan ya tako wajen tsohon, ya kama hannun rigarsa. Yarinyar ta fasa ihu, ta ƙanƙame ƙafar kakanta, tana kallon Sirajo, don ko yaro ya san wanda ya kawo ƙara.

Sirajo ya miƙe. "Allah shi gafarta Malam, a bar shi."

"Haƙƙinka ne fa, kuma umarnin kotu ne."

"Na sani. Yau tas san ni mai babur. In anka rufe shi, gobe ta san ni wanda yas sa anka kama Kaka. Wancan ina iya gyara shi, wanga ban iyawa."

Almu ya yi tsaki ya fice. Alƙali ya daɗe yana rubutu. Ya ja wa Malam Dawuda kunne, ya ce daga yanzu ganin zai koma zauren liman, liman ne shaida, in aka sake tsallake Asabar guda zai sa a tsare shi, ba sai an roƙe shi ba. Tsohon ya fita bai dubi kowa ba.

Asabar ta zo. Gwaggonta Atu ta kawo ta zauren liman, ta zauna daga waje. Yarinyar ta zauna can ƙarshen tabarma, ta haɗe gwiwoyi. Wannan karon Sirajo ya dube ta sosai. Goshin Inna Na'iya ne, har da ɗan tabon da bai san ranar da ta samu ba.

"Rumasa'u."

"Na'am, Malam."

Ya miƙa mata sabon takalmi, wanda ya auna da ido a kotu. Ta saka, ya yi daidai. Ta ci biskit, ta ƙirga awakin liman, ta tambaye shi ko babur na cizo. Ya amsa duk abin da ta tambaya. Da inuwa ta karkata sai ta ce, "Kai kana da ɗiya garinku?"

"Ina da guda. Ke ta."

Ta dube shi tun daga hula har ƙafa. "An ce babana na can nesa."

"Ga ni kusa."

Aka kira la'asar, Atu ta leƙo ta ce lokaci ya yi. Yarinyar ta cire takalmin ta riƙe a hannu kada ya yi datti, ta bi gwaggonta. A bakin ƙofa ta waigo ta ce, "Sai an jima, Malam."

Liman ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi. Wanga bai bushe ba tukuna, amma kada ka sake fashi."

Sirajo ya yi salla a bayan liman, ya tada babur, ya kama hanyar Dogon Daji. Saura mako huɗu.